Yadda Gama Kai Ya Ceci Manoman Inabi A Duwatsun Italiya

Masu karatu, a wannan mako za mu leƙa Tirol ta Kudu, wani lardi a cikin duwatsun Alf a arewacin Italiya, inda yawancin jama'a Jamusanci suke ji, domin ƙasar Ostiriya ce ke riƙe da shi har ƙarshen yaƙin duniya na farko.

Gonakin inabi a can ƙanana ne, galibi ba su wuce hekta ɗaya ba. A da, manomi ba shi da wurin matsa, ga shi 'ya'yan inabi ba su jimre ajiya. Saboda haka in an tsinke, abin da ɗan kasuwa ya taya, shi zai karɓa, ko da kuwa bai biya wahalarsa ba.

A shekarar 1893 manoma 24 a ƙauyen Terlan suka kafa ƙungiyar gama kai, da wurin matsa da ma'ajiya guda. A 1898 limamin ikilisiyar Tramin, Christian Schrott, ya tara manoman garinsa suka kafa tasu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yau ƙungiyoyi 12 ne ke sarrafa kimanin kashi 70 cikin ɗari na ruwan inabin lardin.

Amma haɗuwa kaɗai ba ta isa ba. Shekaru da yawa jan ruwan inabi mai araha suke yi, har kasuwarsa ta faɗi wajen 1980. Sai ƙungiyoyin suka soma biyan manomi bisa kyan amfaninsa, ba nauyinsa kawai ba. Aka rage yawan 'ya'yan da kowace kuringa ke ɗauka, aka dasa irin da ya dace da kowace ƙasa.

Nan ne farin ruwan inabinsu ya yi suna, har yanzu ya fi jan yawa. Gonakin suna hawa tudu daga mita 200 zuwa 1,000. Rana da zafi, dare da sanyi, shi ya sa 'ya'yan ke nuna a hankali, su riƙe ƙanshi da ɗan tsami. Wani iri mai ƙanshin fure, Gewürztraminer, daga garin Tramin ya samo sunansa.

Abin da ya kamata mu lura da shi, 'yan'uwa, shi ne gona ta mai ita ce har yau, wurin matsa da ciniki kuwa na kowa ne. Manomi guda in ya kawo ruɓaɓɓen kaya, ya ɓata wa ɗaruruwa suna. Amana ce ta riƙe waɗannan ƙungiyoyi fiye da shekara 120.