Maƙwaƙwafin Sahel: Tsuntsun da ke dogaro da busasshen itace

Maƙwaƙwafi, tsuntsun da akan ji ƙwanƙwasarsa a jikin bishiya tun kafin a hango shi, yana da jinsi sama da 200 a duniya.

Ɗaya daga cikinsu ba a samunsa sai a zirin Sahel da ke bakin Hamadar Sahara, daga Muritaniya da Senegal, ta Mali da Nijar da arewacin Najeriya da Chadi, har zuwa Sudan.

Masana na kiransa Dendropicos elachus, sunan da wani Ba'amurke, Harry Oberholser, ya raɗa masa a 1919.

Kamanni da ɗabi'u

Tsawonsa bai wuce santimita 14 ba, wato kusan girman gwara. Bayansa ruwan toka ne mai sirkin ruwan ƙasa da ratsin fari, gindin wutsiyarsa kuma ja. Namijin yana da jan gashi a ƙeya, macen ba ta da shi.

Ba a cika ganinsa ba. Wanda mazauna birnin Katsina suka fi cin karo da shi a lambuna da gonaki shi ne ɗan'uwansa mai tokar kai, wanda ya kai santimita 20.

Dukkansu suna da yatsu biyu a gaba, biyu a baya, da wutsiya mai tauri da suke tokarawa a jikin bishiya. Da dogon harshe suke zaƙulo tsutsa da ƙwari daga ƙarƙashin ɓawo.

An daɗe ana ɗaukar cewa ƙoƙon kan maƙwaƙwafi yana rage ƙarfin bugu. Sai dai wani bincike da masana a Jami'ar Antwerp ta Beljiyam suka jagoranta a 2022 ya nuna cewa kan yana aiki ne kamar guduma, kuma ƙanƙantar ƙwaƙwalwar na cikin abin da ke kare ta.

Itacen girki

Maƙwaƙwafi yakan fafe busasshiyar bishiya ko mataccen reshe ya yi sheƙa. Idan ya tashi, wasu tsuntsayen da ba su iya fafa ba sukan gaji ramin.

To amma busasshen reshe shi ne abin da mai neman itacen girki ke fara sarewa, kuma gidaje da yawa a Katsina da itace ko gawayi suke girki.

Katsina na cikin jihohi 11 na Najeriya da ke cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 domin yaƙi da kwararowar hamada.

Amma dashe yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya maye gurbin tsohon gawo ko aduwa.

Amfanin hoto

Kafin a kare tsuntsu, sai an san inda yake. A nan ne masu ɗaukar hoto ke da rawar takawa.

A 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda ya dogara ga bayanan 'yan sa-kai. Hoto mai ɗauke da rana da wuri hujja ce da masana za su iya tantancewa, musamman ga jinsunan da ke kama da juna.

Da sassafe ya fi dacewa a fita. Mai hoto yakan bi sautin ƙwanƙwasa, ya juya wa rana baya, ya tsaya nesa ba tare da motsi ba.

Kyamara mai jawo nesa ta fi wayar salula amfani, domin matsawa kusa da sheƙa na iya sa iyaye su guje wa ƙwai ko 'ya'yansu.

Ya kuma kamata a nemi izinin mai gona kafin a shiga, a kuma kauce wa dazukan da ke fama da matsalar tsaro.