Ko Kun Sani? Masallacin Babban Gwani a Zariya

Mutumin Gummi, Bukkuyum ko Anka da ke marmarin ganin tsohon gini na ban mamaki ba sai ya nemi bizar Turai ba. Ya hau mota zuwa Gusau, ya bi ta Funtuwa, ya sauka birnin Zariya. A ƙofar fadar Sarkin Zazzau akwai Masallacin Juma'a da Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ake kira Muhammadu Durugu, ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834 zuwa 1846).

Ba siminti, ba rodi. Tubali ne da ƙasa da azarar giginya, itacen da gara ba ta cika ci ba. Azara ɗaya ba ta iya haye ɗaki mai faɗi, sai magina suka riƙa jera ta, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure a lulluɓe da ƙasa, har bakan gizo ya tashi daga ginshiƙi ya haɗe da ɗan'uwansa can sama. Ka ɗaga kai ka ga yadda bakunan suka sarƙe, ka dubi zanen da aka fitar a jikin ginshiƙan. Wannan gwaninta ta cancanci a kai ɗalibai su gani da idonsu.

A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da sabon masallaci, don haka daga waje ba ka ganinsa. Kwafinsa kuma yana gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.