Giyar Tsohuwar A-kori-kura: A Bincika Kafin a Kwance

Garin Woodbridge yana cikin Jihar Bajiniya ta Amurka, kimanin kilomita 30 kudu da birnin Washinton, kusa da inda kogin Occoquan yake malala cikin kogin Potomac. Babbar hanyar nan ta I-95 ta ratsa ta wurin, ta kuwa yi suna wajen cunkoson motoci safe da yamma. A cikin cunkoson akan ga tsofaffin a-kori-kura masu shan dizal, na magina da kafintoci da masu gyaran lambu, sun sha lodi ko suna jan tirela. Tafiyar hawainiya da nauyi ita ce ta fi gallaba wa giya mai canza kanta, watau otomatik. Ran da giyar ta ƙi, aikin mai motar ya tsaya, sau da yawa kuma kuɗin sāke ta yakan yi kusa da darajar motar kanta. Saboda haka bakanike na ƙwarai ba ya gaggawar kwancewa.

Kamfanin General Motors ne ya fara fitar da irin wannan giya da yawa, a motocin Oldsmobile na 1940. Ba ta da kulocin da direba zai taka. A madadinsa akwai wata tukunyar ƙarfe cike da mai, wadda kanikawa suke kira konbata, a cikinta kuma kamar fanka biyu ne suna fuskantar juna: injin yana juya ɗaya, man da ta watsa yana juya ɗayar. Sa'an nan akwai famfo mai tura mai da ƙarfi ya matse faifayen kuloci na ciki, giya ta shiga. Ke nan mai shi ne ran wannan na'ura, daga kansa kuma ake fara bincike.

Ana auna man ne injin yana aiki, ya yi zafi, motar kuma tana kan ƙasa a baje. A motocin Ford ana sa sandar giya a P, amma a tsofaffin Dodge sai a firi, watau N, in ba haka ba awon zai yi ƙarya. Lafiyayyen mai ja ne garau. In ya yi duhu yana ƙauri, faifaye sun fara ƙonewa. In ya yi kama da madara mai ruwan hoda, ruwan lagireto ya shiga cikinsa, domin ta cikin lagireto bututun sanyaya man yake bi. In mai ya yi ƙasa, motar takan yi jinkiri kafin ta ɗauka, ko injin ya yi ta kuka ita kuwa ba ta gudu. In ya yi yawa, yakan yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse kuloci.

Mataki na biyu ya shafi dizal musamman. Dole giya ta san gwargwadon yadda direba ya taka totur kafin ta zaɓi lokacin canzawa. A tsofaffin motocin fetur da yawa, zuƙar iskar da ke cikin injin ce take gaya mata. Injin dizal ba shi da irin wannan zuƙa, don haka da Ford ya fara sa injin dizal mai lita 6.9 a motocinsa na 1983, tare da giyar C6 mai hawa uku, sai aka haɗa masa famfon zuƙar iska da wani ɗan bawul a jikin famfon dizal. Tiyo guda in ya tsage, sai giya ta riƙa canzawa a makare tana bugawa da ƙarfi, alhali cikinta lafiya lau.

A 1989 Ford ya fito da giyar E4OD mai hawa huɗu, wadda kwamfuta take sarrafawa. A nan wata ƙaramar na'ura ce a jikin famfon dizal take aika saƙon totur ta waya. In ta lalace ko saitinta ya goce, alamun sukan yi kama da na mutuwar giya. Fitilar O/D takan yi ta ƙiftawa, alamar kwamfuta ta adana lambar matsalar, sai a karanta. Haka ma giyar 47RE ta motocin Dodge masu injin Cummins, daga 1996 zuwa 2002: in ta riƙa kai-kawo tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu, abin da ake fara zargi shi ne bawul na lantarki mai daidaita ƙarfin mai, da na'urar da take auna shi. Ana canza su ta ƙasa ba tare da an sauke giyar ba. Ya kamata kuma a duba matatar dizal, domin injin da mai ba ya isarsa yakan sa a taka totur fiye da kima, giya ta rikice.

Sai an gama waɗannan ake ɗaura ma'aunin ƙarfin mai a jikin giyar, a kwatanta da abin da littafin kamfanin ya ce, sa'an nan a sauke farantin ƙasa. Ɗan laushin ƙurar ƙarfe a jikin maganaɗisun farantin ba abin damuwa ba ne. Amma ɓarɓashin ƙarfe ko baƙin garin kuloci mai yawa shaida ce cewa ɓarnar tana ciki, kwancewa ta zama tilas.

Wannan darasi bai tsaya a Woodbridge ba. Motocin Amurka na hannu suna isa Kano da Maraɗi ta tashoshin Legas da Kwatano, inda zafin bazara da lodi suke yi wa man giya abin da cunkoson I-95 yake yi masa. Kafin mai mota ya nufi Ƙofar Ruwa neman wata giyar, ya kamata ya tambayi bakanikensa abu uku: ya duba mai, ya duba tiyo da wayoyi, ya sauke faranti ya gani da idonsa?