Zoben da ke ƙafar shaho, daga Turai zuwa Malanville

Da kaka, wajen Satumba da Oktoba, shahuna masu ƙaura kan baro Turai, su tsallaka Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a fadamun Kogin Kwara, har da na Malanville da ke fuskantar Gaya, inda fara da ɓeraye ke wadatar da su har ƙarshen hunturu. Wasunsu kan iso da zoben ƙarfe a ƙafa, wanda masana tsuntsaye suka sanya musu tun can arewa.

Wannan dabara, wadda Hans Mortensen ya soma a ƙasar Denmak a 1899, kan fara da kamu idan tsuntsun babba ne: akan ajiye keji da ɓera a ciki, an ɗaura zarge na zaren roba a samansa, sai shaho ya kawo sura, ƙafarsa ta sarƙe. Daga nan sai a rufe masa ido domin ya natsu, a auna nauyinsa da fiffikensa, a maƙala zoben mai lamba da adireshi, a sake shi. Amfanin aikin kuwa ya rataya ne a wuyan manomi ko maharbin da ya tsinci zoben, domin sai ya kai rahoton lambar sannan a san inda tsuntsun ya kai.