Waziri Da Aku: Me Kowannensu Yake Nema?

Bayan sujadar Lahadi a Talata Mafara, gardama ta kaure tsakanin matasanmu da wasu 'yan'uwa da suka zo daga Bakura da Maradun. Maganar kuwa a kan Magana Jari Ce ne, wasan kwaikwayon da gidan talabijin na NTA Kaduna ya nuna a shekarun 1980, wanda marigayi Kasimu Yero, da ya rasu a 2017, ya fito a ciki. An ɗauko wasan daga littafin Abubakar Imam, wanda kashinsa na farko ya fito a 1937. Wani saurayi ya ce shi bai ga bambanci tsakanin Waziri da aku ba, tun da dukansu dabara suka yi wa Musa. Wannan magana ta cancanci amsa.

Ga yadda labarin yake. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri, wanda ya haɗa baki da abokan gaba, yana so Musa ya fita daga fada don a hallaka shi. Aku mai magana kuwa, kullum dare sai ya riƙe yaron da labari har gari ya waye.

To, in muna so mu gane mutum a irin wannan wasa, sai mu tambaya: in dabararsa ta ci, wa zai ci riba, wa zai yi hasara? In ta Waziri ta ci, Musa ya mutu, Waziri ya hau gado. In ta aku ta ci, Musa ya rayu, Sarki ya dawo ya tarar da ɗansa. Kwaɗayin sarauta ke tura ɗaya, riƙon amana ke tura ɗayan.

Amma me ya hana aku faɗin gaskiya kai tsaye? Ai ya ga abin da ya sami macen aku, wadda ta hana Musa fita ba tare da kwana-kwana ba, ya fusata ya kashe ta. Musa ba mugu ba ne. Ƙaunar Mahmudu da ke bakin daga, da zafin ƙuruciya, su suka rufe masa ido. Aku ya gane cewa mai zafin zuciya ba ya jin umarni, amma yakan saurari labari.

Mu masu karanta Littafi Mai Tsarki mun san wannan hanya. Da Annabi Natan ya je tsauta wa Sarki Dawuda, a 2 Sama'ila sura 12, da labarin matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya ya fara, har Dawuda ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa. A sura 15 kuma mun ga Absalom a bakin ƙofar birni yana sace zukatan mutane da daɗin baki, Ahitofel mashawarcin sarki ya koma bayansa. Dukansu sun iya magana, nufin zuciya ne ya raba su.

Ya 'yan'uwa, wannan ba hira ce kawai ba. A Zamfara ta yau mun san ɓarnar da masu kai wa 'yan bindiga rahoto suke yi, kuma sau da yawa na gida ne, kamar Waziri. In wani ya kira ku ku fito da dare, ko ya yi muku alkawarin kuɗi ba gumi, ku tambayi kanku abin da zai samu. Iyaye kuma, kada mu tsaya ga tsawa kaɗai. Mu zauna mu kalli wasa tare da 'ya'yanmu, mu tambaye su dalilin kowane ɗan wasa. Ubangiji ya ba mu hikimar rarrabewa. Amin.