KYANWAR SITO MA MA'AIKACIYA CE: Abin da ke kashe ta, da lokacin da za a nemi likitan dabbobi



Yau ba maganar kaji ko tarwaɗa zan fara da ita ba, maganar kyanwa ce. Mage, kuliya, mussa, duk yadda ake ce mata a garinku. Na san wani zai ce, "To Malam, mu da muke fama da tsadar abinci, ina ruwanmu da kyanwa?" Ka yi haƙuri ka karanta, za ka ga ruwanka.

Bara bayan girbi na sayo masara a kasuwar Dandume, na haɗa da waken suya na cika sito, don in huta da sayen abincin kaji da tsada lokacin bazara. Duk wanda ke ajiye hatsi tsakanin Funtua, Bakori, Danja har Malumfashi ya san abin da ke biyo baya: ɓera. Ina da kyanwa guda, ja mai farin ƙirji, shekararta biyu a gonar tana aikinta ba albashi. Amma a wannan karon ɓeraye sun fi ƙarfinta. Yaron da ke taimaka min sai ya sayo maganin ɓera, irin wanda ake cuɗawa da ƙwayar hatsi, ya zuba a bayan buhuna. Bai faɗa min ba, ni ma kuma ban taɓa ce masa kada ya yi ba, don haka laifin nawa ne.

Bayan kamar kwana huɗu na ga kyanwar ta daina hawa kan buhuna, tana kwance a lungu. Na ce gajiya ce. Washegari sai ga jini a hancinta, na ɗaga leɓenta na ga dasashin fari fat kamar takarda. Kafin mu samu likita ta tafi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da likitan ya ce min wannan gubar tana da makari, da mun kawo ta ranar da ta fara kwanciya.

Ga yadda abin yake. Yawancin irin wannan maganin ɓeran hana jini daskarewa yake yi. Ɓeran da ya ci ba ya mutuwa nan take, sai ya yi kwanaki yana yawo a galabaice, kuma shi ne mafi sauƙin kamu. Kyanwa ta ci ɗaya, ta ci biyu, ta ci uku, guba na taruwa a hantarta. Alama ba ta fitowa sai bayan kwana uku zuwa biyar, lokacin jini ya riga ya fara zuba a ciki. Makarinsa bitamin K1 ne, ana ba da shi makonni. Ku lura da kyau a nan: bitamin K ɗin da ke cikin garin bitamin na kajinmu K3 ne, ba ya wannan aikin. Kada ka ɗebo shi ka ce ka yi magani.

Tun daga nan na zauna na nemi sani, kuma abu na farko da na gane shi ne kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce. Kaza in ba ta da lafiya za ka ga ta yi tsuru ta saki fukafukai. Kyanwa kuwa lungu take nema ta yi shiru. Ranar da ka ga ciwonta a fili, sau da yawa ya riga ya yi nisa. Abu na biyu kuma, wanda ba daɗin faɗa: mafi yawan abin da ke kashe kyanwa a gonakinmu daga hannunmu yake fitowa.

Ɗauki farasitamol. Mutum ya ga jikin kyanwa da zafi, sai tausayi ya sa ya fasa Panadol ya ɗura mata. Wallahi wannan tausayin kisa ne. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani yadda tamu ke yi, ƙwaya ɗaya ta manya ta isa ta kashe ta. Dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. In har an riga an ba ta, kada a jira alama, a tafi wurin likita a ranar. Kuma ku sani, zafin jikin kyanwa mai lafiya 38 ne zuwa 39 da ɗan ɗoriya, ya fi namu. Wani lokacin "zazzaɓin" da ka ji a tafin hannunka ba komai ba ne.

Sai maganin feshi. Sniper da ota-fiya-fiya da muke fesawa a sito, da saifametirin da ake fesa wa ɗakin kaji saboda ƙuma da ƙwarƙwata, da maganin kaska na shanu ko na kare. Kyanwa ta bi ta wurin da aka fesa, ya taɓa gashinta, ita kuma kun san aikinta lasar jiki. Sai ka ga miyau na dalala, jiki na karkarwa, tana tangaɗi, wani lokacin har jijjiga kamar mai farfaɗiya. In a jiki ne, a wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a goge ta, a kama hanya. Don Allah a bar ɗura manja ko madara. Ba sa karya guba, kuma dabbar da ke jijjiga in ka ɗura mata abu huhunta yake tafiya. Ka ɗauki kwalbar ko ledar maganin ka tafi da ita, domin kowace guba da irin yadda ake magance ta, likita ba ya duba.

Yanzu ga wanda ya shafe mu kai tsaye, mu masu kaji. Kaza ta mutu da safe, yaro ya ɗauke ta ya jefa wa kyanwa ko kare. Mun mayar da wannan al'ada, har muna ganin tattali ne. Murar tsuntsaye, wato H5N1, ta fara bayyana a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, kuma shi ne karon farko da aka tabbatar da ita a nahiyar Afirka. Ta sake dawowa da ƙarfi a 2015, Kano na cikin inda ta fi ɓarna. Wannan cuta tana kama kyanwa in ta ci mushen tsuntsun da ke ɗauke da ita, kuma tana kashe ta da sauri. A 2023 kyanwoyi da dama sun mutu da ita a ƙasar Folan, a 2024 kuma an ga irin haka a gonakin shanun madara a Amurka, inda kyanwoyi suka sha ɗanyar madarar shanun da suka kamu. Saboda haka in kaji na mutuwa da yawa lokaci guda, sannan kyanwar gonar ta kwanta tana numfashi da ƙyar ko tana juyi kamar makauniya, wannan ya wuce maganar kyanwa. Kada ka taɓa ta da hannu tsirara, kada yara su matso, ka sanar da jami'an kula da dabbobi na gwamnati. Mushen kaza kuwa rami mai zurfi ko wuta, ba bakin kyanwa ba.

Masu kifi, ku ma ba ku tsira ba. Kifin da ya taso a mace a kan ruwa ba ka san me ya kashe shi ba, wataƙila ma jiya ka zuba magani a ruwan. Sannan wasu nau'in kifi in ɗanye ne suna ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1, kyanwar da ba ta cin komai sai shi kullum za ta iya fara tangaɗi, wuya ya lanƙwashe ƙasa. A dafa, a cire ƙaya. Ragowar miya mai albasa da tafarnuwa ma tana lalata mata jini, madara kuma babbar kyanwa sau da yawa zawo take sa ta.

To, ban da abin da muke jawowa, akwai nata cututtukan na yau da kullum.

Tsutsar ciki kusan dole ce ga duk kyanwar da ke farauta. Daga ɓera da ƙuma take samun tsila, za ka ga wasu abubuwa farare kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin wutsiya ko inda take kwana. Ƙananan kuma macijin ciki ne, ciki ya yi tulu, jiki ba nama. Wannan ba na gaggawa ba ne, amma a riƙa ba ta maganin tsutsa duk wata uku, wanda likita ya auna. Kyanwa kilo uku ce ko huɗu. Allurar da aka yi don sa mai kilo ɗari uku ba a kwatanta ta da ido.

Murar hunturu kuma, atishawa, kwantsa ta rufe ido, majina. Matsalarta ita ce kyanwa ba ta cin abin da ba ta ji ƙamshinsa ba, hanci na toshewa sai ta bar abinci. A goge mata ido da hanci da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a raba ta da sanyi, a ɗan ɗumama abincin don ƙamshi ya tashi. In babba ta kai kwana biyu ba ta ci ba, ko 'yar ƙarama ta yini ta kwana, lokacin likita ya yi. Yunwar kwanaki tana taɓa hantar kyanwa, musamman mai ƙiba.

Akwai kuma wadda nake kira Gumboron kyanwa, don ita ma garkuwar jiki take rusawa. 'Ya'ya su fara amai da zawo, su zauna gaban ruwa ba sa sha, su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayar cutar tana daɗewa a wuri, har shekara. Tana da rigakafi, ana farawa tun suna wajen sati takwas a maimaita bayan sati uku ko huɗu. Mu da ba ma wasa da ranar Lasota bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba.

Makero, wato inda gashi ya zube ya bar da'ira, ba ya kisa amma yana kama yara. A raba su da ita har a yi magani.

In muzuru gare ka, riƙe wannan. Ka ga yana tsugunawa sau da yawa, yana nishi ko kuka, fitsari ba ya fita ko ɗigo-ɗigo da jini. Mutane na cewa kashi ne ya ƙi fita. Sau da yawa hanyar fitsari ce ta toshe, kuma cikin kwana biyu ƙoda na iya tsayawa. Babu maganin gida a nan, sai likita ya buɗe hanyar.

Ciwon haukan kare ma ba kare kaɗai yake kamawa ba. Kyanwar da ka sani kamar kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi, in ta koma kai hari ba dalili, ko muryarta ta sauya, ko miyau na zuba ba ta iya haɗiya, a kulle ta, kada a kama da hannu. Wanda ta ciza ko ta yaƙusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya wuce asibitin mutane a ranar don allurar kariya. In alamomi suka fito a jikin mutum kusan ba a tashi. Allurar rigakafin ana yi wa kyanwa daga wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara.

Wani abu da masu haɗa kiwon kaji da tumaki ya kamata su sani: kashin kyanwa na iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa tunkiya ko akuya ɓari, kuma tana da haɗari ga mace mai ciki. Dusa ko abincin da aka bari a buɗe a sito, kyanwa yashi take ganinsa. A ɗaure bakin buhu, a tanadar mata yashinta daban a riƙa kwashewa kullum, kuma mai juna biyu ba ita za ta kwashe ba.

Ni yanzu ga yadda nake yanke hukunci. Kowace safiya in na gama zagayen kaji ina duba ta: ta ci? ta zo da kanta? In na yi shakka sai in ɗaga leɓe, dasashi mai lafiya ja-ja ne mai haske. Ƙaiƙayi, tsutsa, atishawa alhali tana ci, amai sau ɗaya ta ci gaba da harkarta, waɗannan za su iya jiran ranar da zan shiga gari. Amma numfashi da baki buɗe, jijjiga, jini ta ko'ina, dasashi fari ko ruwan ƙasa, amai ba tsayawa, muzurun da ba ya fitsari, mai naƙuda da ta yi ta yunƙuri kusan awa guda ba ɗa, ko zargin ta taɓa guba ko da tana tafiya garau, waɗannan ba sa kwana.

Ina za a kai ta? A fara da asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa, ko likitan da ke duba maka kaji, ka tambaye shi tun yau ko yana duba kyanwa, kada sai rana ta ɓaci. Mai shagon magani ba likita ba ne, komai daɗewarsa a sana'ar. In abin ya yi tsanani, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, Zariya, mu 'yan Funtua ba wata doguwar tafiya ba ce. Kada a cusa ta a buhu. Kwali mai ƙarfi da aka huhhuda, ko kwandon roba mai murfi, a shimfiɗa tsumma, a ɗaure da kyau, don kyanwar da ta tsorata a kan babur in ta fice ba ka ƙara ganinta.

A gonata yanzu kyanwoyi biyu ne, duk an yi musu allura, na rubuta ranakunsu a littafin da nake rubuta na kaji. Buhuna na kan katako, nesa da bango, na liƙe ramuka da siminti, na sa tarko. Ragowar maganin ɓeran nan kuwa na haƙa rami na binne shi a ranar da na binne jar kyanwar.