Kula da Gine-gine: Sana'ar da Ke Kare Jarin Birnin Lafiya

LAFIYA: Tun daga ranar 1 ga watan Oktoba na 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato ta mai da Lafiya babban birninta, garin bai daina gini ba. An yi ofisoshin ma'aikatu da gidajen ma'aikata, an kafa Jami'ar Tarayya ta Lafiya a 2011, kana a watan Fabrairu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe filin jirgin sama na Lafiya, da reshen Babban Bankin Nijeriya, da babbar tashar rarraba wutar lantarki ta Akurba. 'Yan kasuwa ma sun bi sahu da otal-otal da rukunonin shaguna da gidajen haya.

Duk waɗannan jari ne mai yawa. Sai dai kuɗin gini ba ya ƙarewa ranar da aka yanke ƙyalle. Daga wannan rana ne ake fara biyan kuɗin wuta da ruwa da man inji da gadi da shara da gyare-gyare, kuma haka za a ci gaba muddin ginin yana tsaye. Tafiyar da wannan ɗawainiya bisa tsari ya zama sana'a mai zaman kanta, wadda ke da ƙwararrunta da ƙungiyoyinta.

Mene ne aikin?

Jami'in kula da gini shi ne wanda ke tabbatar da cewa wuri yana yin aikin da aka gina shi dominsa, cikin aminci kuma da kuɗi mafi sauƙi. Aikinsa kashi biyu ne. Na farko ya shafi jikin ginin da na'urorinsa, watau rufi da wayoyin lantarki da janareta da rijiyar burtsatse da tankunan ruwa da na'urorin sanyaya ɗaki da magudanan ruwa da kayan kashe gobara. Na biyu ya shafi hidimar masu amfani da wurin, kamar tsabta da tsaro da kwashe shara da tsara wurin ajiye motoci.

Bambancinsa da mai gyara shi ne lokaci. Mai gyara ana kiransa ne bayan abu ya lalace. Shi kuwa jami'in kula da gini yana riƙe da rajistar kowace na'ura, ya san ranar da aka saye ta, da ranar da za a yi mata juye, da shekarar da za ta buƙaci canji. A Lafiya yanayi da kansa yake tsara masa jadawali: a duba kwano a yashe kwata kafin damina ta kankama, a wanke na'urorin sanyi bayan ƙurar hunturu kafin zafin bazara ya sauka. Kwanon da ke yoyo, in an bar shi damina ɗaya, silin da fenti da waya za su bi shi, har abin da ƙusa da ɗan faci za su magance ya koma aikin ɗan kwangila.

Ƙungiyoyin sana'ar

Babbar ƙungiyar masu wannan sana'a a duniya ita ce IFMA, wadda aka kafa a Amurka a 1980, mai hedkwata a birnin Houston. Tana da reshe a Nijeriya tun shekarun 1990. Ayyukan irin wannan ƙungiya sun haɗa da horar da membobi, da shirya jarrabawa da ba da takardun ƙwarewa, da tarukan ƙara wa juna sani, da kuma jan hankalin hukumomi game da manufofin da suka shafi kadarorin jama'a. A cikin watan Mayu na kowace shekara akan yi bikin ranar masu wannan sana'a ta duniya. Bugu da ƙari, a 2018 Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya ta fitar da ƙa'idar ISO 41001, wadda ta shimfiɗa yadda ya kamata a tsara aikin.

A Nijeriya membobin sun fito ne daga fannoni dabam-dabam: injiniyoyi, da masu zanen gini, da magina, da ƙwararrun kimanta gidaje da filaye, waɗanda ƙungiyarsu ta NIESV ta kafu tun 1969. Abin da ya fi damun su duka shi ne yadda kowa ke iya buɗe ofis ya kira kansa mai kula da gini ba tare da horo ba, lamarin da ke karya farashi ya kuma ɓata sunan aikin. Saboda haka ne suke matsa wa masu kadarori da su nemi shaidar ƙwarewa kafin su ba da kwangila.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar ta fi tsanani a gine-ginen gwamnati, kuma tushenta yana cikin kasafin kuɗi. Sabon gini yana shiga ƙarƙashin manyan ayyuka, ana ganinsa ana kuma yaba wa wanda ya yi shi. Kula da shi kuwa yana cikin kuɗin ayyukan yau da kullum, inda yake gogayya da albashi, kuma shi ake fara zaftarewa idan kuɗin shiga ya ragu. Daga ƙarshe sai ginin ya lalace, a sake ba da kwangilar gyara shi da kuɗin da ya ninka abin da aka yi tsimi.

Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar kula da gine-ginen jama'a a 2019, sa'an nan ranar 6 ga Afrilu na 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 11, wanda ya umarci ma'aikatu da hukumomin tarayya su kafa sassan kula da gine-ginensu. Wasu jihohi sun kafa hukumomi na musamman, kamar LASIAMA a Legas da KADFAMA a Kaduna. Umarnin na tarayya ya shafi ofisoshin tarayya da ke Lafiya, wanda hakan ƙofa ce ga ƙananan kamfanonin garin masu aikin lantarki da famfo da shara, matuƙar suna da rajista da takardun haraji da ake buƙata.

Lissafin ɗan kasuwa

Ga mai otal ko mai rukunin shaguna, makamashi ne ya fi cin kuɗi. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kowace yunit, ko da yake an ɗan sassauta daga baya. Alal misali, ginin da ke shan yunit 10,000 a wata, kuɗinsa ya tashi daga Naira 680,000 zuwa Naira 2,250,000. A irin wannan hali, na'urar sanyi mai datti ko famfon da ke zuba duk dare asara ce da ake iya ƙidayawa.

Sai kuma gobara. Wadda ta tashi a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna. Duba wayoyi a kai a kai, da hana jona wuta barkatai, da barin hanyar motar kashe gobara a buɗe, duk aikin mai kula da wuri ne. Tun a dokar inshora ta 2003 aka wajabta yi wa gine-ginen da jama'a ke shiga inshora.

Ƙwararru suna ba masu gine-gine shawarar abubuwa uku. Na ɗaya, a raba kuɗin haya da kuɗin hidima, a riƙa nuna wa 'yan haya yadda aka kashe na hidimar, domin rashin bayani shi ke sa su ƙin biya. Na biyu, a buɗe asusu na dabam a riƙa tara kuɗin canza manyan kaya kamar janareta da rufi. Na uku, a rubuta kwangila bisa sakamako, watau awa nawa ruwa zai samu a rana da kuma cikin awa nawa za a gyara abin da ya lalace, maimakon ƙidaya yawan leburori.

Yawancin manyan gine-ginen Lafiya ba su wuce shekara 30 ba, wasu ma ba su kai goma ba. Wannan dama ce da tsofaffin birane suka riga suka rasa, domin har yanzu ana iya samun zanen gini da takardun na'urori a buɗe rajista da su. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, don haka duk mai shirin aza harsashi a bana ya kamata ya sa kuɗin kula da ginin cikin lissafinsa tun kafin a sauke tifar yashi ta farko.